Begijnhof na Leuven: Unguwar Mata Zalla da Ta Koma Masaukin Ɗalibai

Idan ka shiga garin Leuven na ƙasar Beljiyam, wanda ke da nisan kilomita 25 ko makamancin haka gabas da Burasels, ka nufi kudancin tsohon gari, za ka tarar da wata unguwa da jami'ar garin ta mallaka. Gidaje ne na jan bulo kusan 100, an karkasa su zuwa masaukai wajen 300, a kan fili mai faɗin hekta 3, wato kamar filin ƙwallo huɗu a haɗe. Kogin Dijle ya ratsa ta ciki, ya rabu gida biyu, an ɗora masa gadoji uku. Lungunan ƙanana ne, an shimfiɗe su da duwatsu. Masu kwana a ciki yau ɗalibai ne da masu bincike da malamai baƙi. Na san waɗanda suka sha baƙar wuya wajen neman gado a hostal bana za su ce, su dai a ba su ɗaki ɗaya a nan, an gama magana.

To amma fa ba don ɗalibai aka yi wurin ba. Ya ma girmi jami'ar da kusan shekara 200. An kafa jami'ar Leuven a 1425, ita kuwa wannan unguwa, takarda mafi tsufa da ta ambace ta an rubuta ta ne a 1232, kuma wani rubutun Latin da ke jikin cocinta ya ba da 1234 a matsayin shekarar kafuwa. Sunanta Groot Begijnhof. A harshen Holanci groot na nufin babba, hof kuma tsakar gida ko farfajiya. Begijn ɗin da ke tsakiya sunan matan da suka zauna a wurin ne. Don sauƙin furuci, bari mu kira ɗaya begina, da yawa kuma beginai.

Tarihin wannan wuri, idan aka tattara shi, amsa ce ga tambaya guda: macen da ba ta da miji, ko don ya mutu ko don ba ta yi auren ba, ina za ta zauna da mutuncinta, ta ci guminta, ba tare da ta zama kaya a wuyan wani ba?

Hanya ta uku

A Turai ta ƙarni na 12, inda cocin Katolika ke da bakin magana a kan komai, hanya biyu aka san mace mai mutunci da ita. Ko ta yi aure, ko ta shiga gidan sistoci. Shiga gidan sistoci kuwa ba wasa ba ne. Za ta ɗauki alwashi uku na har abada: ba za ta mallaki komai ba, ba za ta yi aure ba, za ta yi biyayya. Daga nan ƙofa ta rufe, sai dai gawarta. Ga shi kuma ba kyauta ake shiga ba. Yadda iyayen amarya ke fama da kayan ɗaki da gara, haka iyayen mai son zama sista ke kai kuɗi ko gona, don da su gidan zai ciyar da ita har ta mutu. 'Yar talaka ba ta ma fara wannan mafarkin.

Wajen shekarar 1200, a yankin Liège da Brabant, sai aka fara ganin wasu mata da suka ƙi bin ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan. Suna zaune cikin gari, wata a gidan iyayenta, wasu su uku ko huɗu a gida ɗaya, suna ibada, suna jinyar marasa lafiya, suna kaɗi da saƙa su sayar. Alkawarin da suke ɗauka biyu ne kawai, kame kai da biyayya ga shugabarsu, kuma iyakarsa muddin suna cikin jama'ar. Ranar da mace ta ga wanda take so, ko ta gaji, za ta iya tattara kayanta ta tafi ta yi aurenta, ba ta karya wata rantsuwa ba. Dukiyarta kuma tana hannunta. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, ƙofar fita da mallakar dukiya, don duk sauran labarin a kansu yake.

Ba su da wanda ya kafa su, ba su da hedkwata, ba su da doka ɗaya da ta haɗa su. Ko sunan begina, da farko baƙar magana ce masu zarginsu da bidi'a ke jifansu da ita, daga baya ta bi su har ta zama sunan yanka.

Me ya sa suka yi yawa a wannan lokaci, kuma a wannan yanki? Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne wai yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya sun cinye maza, mata suka rasa mazan aure. Labarin yana da daɗin faɗa, sai dai masana tarihi irin su Walter Simons, wanda ya yi dogon bincike a kan beginan wannan yanki, sun fi karkata ga wani dalili. Garuruwan Filandas da Brabant a lokacin su ne cibiyar saƙar ulu a Turai. Ana kawo gashin tumaki daga Ingila, a wanke, a taje, a kaɗa, a saƙa, a rina. Wanki da taza da kaɗi yawanci aikin mata ne, saboda haka 'yan mata suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka neman aiki, wasu a harkar tufafi, wasu aikatau. Ga shi kuma mutanen yankin ba sa aure da wuri, mace takan wuce shekara ashirin da 'yan kai tana tara abin hannunta kafin ta yi. Birni ya cika da mata marasa aure, masu ɗan abin hannu, nesa da dangi.

Daidai wannan lokaci kuma coci ta shiga rufe ƙofofi. A 1215 babban taron shugabannin coci da aka yi a Roma ya hana kafa sababbin ƙungiyoyin ibada. A 1228 ƙungiyar Cîteaux, wadda mata da yawa ke son shiga inuwarta, ta ce ba ta ƙara karɓar sababbin gidajen sistoci. Abin da ya ceci beginai shi ne wani malamin coci, Jacques de Vitry, wanda ya yi zama kusa da wata mai ibada, Marie d'Oignies, ya kuma rubuta tarihinta bayan rasuwarta a 1213. Shi ne a 1216 ya samo musu izinin Fafaroma Honorius na III na su zauna tare su riƙa ƙarfafa juna. Izinin na baka ne, ba a rubuce ba. Duk ɗalibin da ya taɓa jin "je ka, ba komai" a ofis ba tare da sa hannu ba ya san irin hatsarin da ke cikin wannan.

Yadda aka zo ga katanga

A Jamus beginai sun fi zama a ƙananan gidaje warwatse cikin gari. Birnin Cologne kaɗai ya yi irin waɗannan gidaje fiye da 100. A Filandas da Brabant kuwa wani tsari daban ya ɓullo: a ware fili, a zagaye shi da katanga ko gwalalo, a yi masa ƙofa, a gina coci da gidan jinya da maƙabarta, a naɗa musu fada nasu. Wasu mata biyu 'yan'uwan juna, Johanna da Margareta, waɗanda suka riƙe sarautar Filandas ɗaya bayan ɗaya, sun ba da filaye da kariya. Na Ghent ya samu a 1234, na Kortrijk a 1238, na Bruges a 1245.

Na Leuven an dasa shi ne a wajen ganuwar gari ta lokacin, a bakin kogi. Filin bayan ganuwa ya fi araha, ruwa kuma dole ne ga masu wankin ulu da tufafi. Sai da gari ya faɗaɗa aka yi sabuwar ganuwa a ƙarni na 14 sannan unguwar ta shigo ciki. An fara gina cocin da ake gani yau, mai sunan Yahaya Mai Baftisma, a 1305. Babba ne, amma ba shi da doguwar hasumiya irin ta manyan coci-cocin Turai, ɗan tsini ne kawai aka yi masa a saman rufi don ƙararrawa. Da gangan ne, alamar ƙanƙan da kai.

Wanda ya san gidan gargajiya mai zaure ɗaya ba zai sha wuyar gane tsarin ba: duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gaban idon wani. Bambancin shi ne nan gari guda ne a bayan zauren, kuma mace ce ke riƙe da mabuɗi. Shugabancin unguwa yana hannun mata, a wasu wurare shugaba ɗaya, a wasu 'yan kaɗan tare. Su ke karɓar sabuwar shiga, su raba gidaje, su duba lissafin kuɗi, su yi hukunci. Aikin fada coci ne.

Katangar nan kowa da abin da yake nema a jikinta. Matan suna son tsaro daga ɓarayi da sojoji da 'yan iskan gari, da kuma bakin mutane, wanda ya fi su duka cizo. Hukumomin coci da na gari kuma hankalinsu ya fi kwanciya idan sun san inda matan suke kwana. Don haka dokoki suka yi yawa. Ana rufe ƙofa da dare. Namiji ba ya kwana a ciki. Kwana a waje sai da izini. Sabuwar shiga sai ta yi lokacin gwaji a ƙarƙashin wata dattijuwa kafin a ba ta tufafin jama'a, waɗanda da farko ruwan toka ne, daga baya suka koma baƙaƙe da farin lulluɓi. Wadda ta yi abin kunya a kore ta. 'Yan'uwa mata da ke tseren isa ƙofar hostal kafin maigadi ya sa kwaɗo, kun ga ba a kanku aka fara ba. Amma da rana begina tana fita kasuwa, ta je jinya gidajen mutane, ta ziyarci danginta, ta tsaya gaban alƙali a kan dukiyarta. Sista ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Maganar kuɗi

Nan ne a ganina ainihin basirar take, kuma nan ne masu yawon buɗe ido ba sa tsayawa, don lissafi ba ya fitowa a hoto.

Beginai ba matsayinsu ɗaya ba, kuma ba su yi riya cewa ɗaya ne ba. Mai hali takan sayi gida a cikin unguwar, ko ta gina da kuɗinta. A yawancin wurare abin da ta saya shi ne 'yancin zama har ƙarshen ranta. In ta rasu gidan ya koma hannun jama'a, a sayar wa wata a kan wannan sharaɗi. Kun ga ke nan gida ɗaya zai yi ta kawo kuɗi asusun unguwa duk bayan 'yan shekaru, kuma magada na waje ba za su zo su yanki unguwar gunduwa-gunduwa ba. Masu karanta harkar filaye da gidaje, ga darasi kyauta. Mai matsakaicin hali kuma takan kama hayar ɗaki a gidan wata, wani lokaci ta biya da aikin gida.

Marasa hali suna da gidajen haɗaka, waɗanda masu kuɗi ke ginawa su bar musu wakafi, da sharaɗin mazauna su riƙa yi musu addu'a. Wanda ya fi shahara a Leuven shi ne gidan Chièvres, wanda aka gina a 1561 da dukiyar Maria van Hamal, matar Willem van Croÿ, babban mashawarcin Sarki Charles na V, don beginai matalauta 13. Yana nan tsaye har yau.

Bayan wannan akwai gidan jinya, mai gonakinsa da kuɗin shigarsa, inda ake kwantar da wadda ta tsufa ko ta yi ciwo. Akwai kuma wani asusu da suke kira Teburin Ruhu Mai Tsarki, wanda ke tallafa wa waɗanda sana'arsu ba ta isar su. Ku dubi abin da kyau: a ƙarni na 13, babu fansho, babu inshora, amma 'yar ƙauyen da ta shigo tana kaɗin ulu ta san in ido ya mutu ko hannu ya fara rawa, akwai gado da abinci da mai wanke ta, kuma in ta mutu akwai masu binne ta. Mace nawa ce a Turai ta lokacin, har cikin masu aure, ke da wannan tabbacin?

Sauran kuwa gumi ne. Kaɗi, saƙa, wanki da shanya tufafi a filin ciyawa don su yi fari, ɗinki, daga baya saƙar leshi. Suna koyar da yara mata karatu da sana'a, suna zaman jinya, suna wankan gawa. Bara ba ta cikin tsarinsu a waɗannan unguwanni. An ruwaito cewa Robert Grosseteste, bishop na Lincoln a Ingila, ya taɓa faɗa wa masu ibadar da ke rayuwa da bara cewa akwai matakin da ya fi nasu, shi ne mutum ya ci daga aikin hannunsa kamar yadda beginai ke yi. Ƙungiyoyin masaƙa maza dai ba su ga abin yabo ba. Matan suna aiki da araha, a wasu garuruwa an ɗauke musu haraji, saboda haka aka yi ta kai ƙararsu, ana neman a taƙaita irin tufafin da za su saƙa da yawansa.

In kuna son ganin ƙarfin mallakar gida, ku dubi abin da ya faru da 'yar'uwar wannan unguwa a Amstadam. A 1578 'yan Furotesta suka karɓe mulkin birnin, suka ƙwace gidajen ibada na Katolika. Begijnhof na can ya tsira, saboda gidajen ba na coci ba ne, mallakar matan ne ɗaya-ɗaya, kuma 'yan kasuwar Holan ba sa wasa da takardar mallaka. Cocinsu dai an ƙwace, a 1607 aka ba wa wasu 'yan Furotesta masu jin Ingilishi, matan suka koma ibada a ɓoye cikin gidajensu. Amma ba wanda ya tashe su. Begina ta ƙarshe a can ta rasu a 1971.

Lokacin da wuta ta tashi

Mata masu karatu, marasa miji, masu tattauna addini a harshen gida maimakon Latin, wannan bai taɓa yi wa wasu manyan coci daɗi ba. Kuma lalle sun yi rubutu. Hadewijch, wadda ake dangantawa da beginai a Brabant, tana cikin manyan marubutan farko na harshen Holanci. Mechthild ta Magdeburg ta yi nata da Jamusanci.

Wadda ta biya da ranta ita ce Marguerite Porete, daga yankin Hainaut. Ta rubuta littafi da Faransanci a kan yadda rai ke narkewa cikin ƙaunar Allah. Bishop na Cambrai ya sa aka ƙone littafin a Valenciennes, ya gargaɗe ta. Ta ci gaba da yaɗa shi. Aka kama ta aka kai ta Faris, ta yi fiye da shekara a tsare ta ƙi amsa tambayar mai binciken bidi'a, ko rantsuwar fara shari'a ta ƙi yi. Ranar 1 ga Yuni, 1310, aka ƙone ta da ranta a bainar jama'a. Abin mamaki, littafin bai mutu ba. An yi ta kwafarsa ana fassara shi ba suna, har masu ibada suna karanta shi suna zaton wani malami ne ya rubuta, sai a 1946 wata mai bincike 'yar Italiya, Romana Guarnieri, ta gano nata ne.

Ba da jimawa ba bayan kashe ta, taron shugabannin coci da aka buɗe a Vienne a 1311 ya yi hukunci a kan beginai, ya ce a hana irin rayuwarsu, amma a ƙarshen hukuncin aka bar wata 'yar kafa ga mata masu kamun kai da ke zaune lafiya a gidajensu. Da aka fitar da dokar a 1317, a garuruwan Jamus da dama an rufe gidaje, an ƙwace kaya, an tilasta wa mata shiga wasu ƙungiyoyi ko komawa gidan iyaye. A Brabant da Filandas kuwa bishop-bishop suka bincika suka wanke nasu, Fafaroma John na XXII ya amince. Hujjar da ta fi taimaka musu ita ce katangar nan: ga su a wuri ɗaya, ga fada, ga doka, ga ƙofa da ake rufewa. Abin da ya tauye su shi ya tsare su, kuma tun daga lokacin dokokin suka ƙara tsauri. Ni dai ina ganin beginan bayan 1320 sun fi na farko kwanciyar hankali, amma ba su kai su bakin magana ba.

Abin da ido ke gani yau

Ga wani abu da ya kamata a sani kafin a ce "gidajen shekara 800". Tsarin lunguna da coci ne suka kai tsufa sosai. Gidajen farko na katako ne da laka, kusan duk sun tafi.

Ƙarni na 16 ya zo da yaƙe-yaƙen addini da sojoji da annoba, unguwar ta sha jiki. Kafin wannan hargitsi, daga 1490, wanda ya riƙe muƙamin fadan unguwar wani malamin jami'a ne ɗan Utrecht, Adriaan Florenszoon. A 1522 ya zama Fafaroma Adrian na VI, kuma bayansa ba a sake yin Fafaroma wanda ba ɗan Italiya ba sai 1978.

Da ƙura ta lafa a ƙarni na 17, cocin Katolika da ke kokawa da Furotesta ta ga amfanin matan nan, ta rungume su. 'Ya'yan masu hali suka yi ta shiga, har adadin beginan Leuven ya kai wajen 360 a rabin ƙarshe na ƙarnin. A wannan zamani aka rushe yawancin tsofaffin gidaje aka gina na bulo da farin dutse a gefen taga da ƙofa, mafi yawa tsakanin 1630 da 1670. Su ne ake ɗauka hoto yau. A lokacin ne ma aka ƙarfafa labarin cewa wata waliyyiya ta ƙarni na 7, Begga, ita ta kafa su. Kamar suna ne kawai, masana tarihi ba su yarda ba, amma jama'ar da aka daɗe ana yi wa gorin rashin asali ta samu kaka mai daraja.

A 1795 Faransa mai juyin juya hali ta haɗe yankin. An rufe gidajen sistoci an yi gwanjon su. Begijnhof na Leuven ba a sayar da shi ba, amma an miƙa dukiyarsa ga hukumar jin ƙai ta gari. Aka bar beginai su ci gaba da zama, ɗakunan da ba kowa kuma aka zuba tsofaffi da matalauta. Wato wurin ya tsira, asusun da ke riƙe da shi ya fita hannun matan. Daga nan sai raguwa. Ƙarni na 19 ya kawo sababbin ƙungiyoyin sistoci masu fita koyarwa da aikin asibiti, injuna suka kashe kaɗin hannu, daga baya kuma mace ta samu damar ɗaukar albashi ta kama hayar ɗakinta ba tare da lulluɓin kowa ba. Buƙatar da ta haifi wurin ta samu wasu hanyoyi.

Wajen 1960 unguwar ta zama kango-kango. Hukumar jin ƙai ba ta da kuɗin gyara, mazauna kuma ba su da shi. A 1962 jami'a ta saya. Aikin gyara ya faɗa hannun Farfesa Raymond Lemaire, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana tsofaffin gine-gine. Kashin farko ya ɗauki 1964 zuwa 1971, aka kammala sauran a 1990. A zamanin da birane da yawa a Turai ke rushe tsofaffin unguwanni suna dasa benayen siminti, shi ya nuna za a iya barin bango da rufi da lungu yadda suke, a sa wa ciki ruwa da wuta da bayan gida na zamani, mutane su ci gaba da zama. A 1998 UNESCO ta sa irin waɗannan unguwanni 13 na Filandas, har da wannan, cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Yabon ya cancanta, amma akwai abin cewa. An kankare farar ƙasar da ta rufe bangaye don jan bulo ya fito, saboda haka kamannin da ake gani yau zaɓin masu gyara ne. Mafi nauyi kuma, talakawan da suka zauna a wurin lokacin da ba mai so, ba su ne suka ci moriyar gyaran ba. Wurin da aka yi don marasa gata ya koma na jami'a. Gidan jinyar da ake kwantar da tsofaffin beginai yanzu wurin cin abinci ne da taro na malamai da baƙinsu. Duk mai shirin zama injiniya ko mai tsara birane a cikinmu, wata rana za a miƙa masa tsohuwar unguwa a ce ya gyara, kuma da wuya takardar kwangila ta ambaci inda masu ciki za su koma.

Beginan da suka rage a Leuven an bar su suka ƙarasa kwanakinsu a ciki, ɗalibai na wucewa da kekuna ta ƙofarsu. Ta ƙarshe ta rasu a 1988. Wadda ake ɗauka ta ƙarshe a duniya kuwa Marcella Pattyn ce, an haife ta a 1920 a Kwango, lokacin tana hannun Beljiyam. Burinta ta zama sista, amma kusan makauniya ce, gidajen sistoci suka yi ta mayar da ita. A 1941 beginan Sint-Amandsberg, kusa da Ghent, suka karɓe ta. A 1960 ta koma Kortrijk, inda ta yi shekaru tana saƙa, tana kaɗa wa marasa lafiya banjo da akodiyon. Ta rasu ranar 14 ga Afrilu, 2013, tana da shekara 92.